Rediyon da Ɗan Gayu Ya Saya wa Baba

Masu turo min saƙo kuna cewa in ji tsoron Allah in daina wulaƙanta bawan Allah, duk na karanta, na kuma gode. Ku gyara zama ku ji abin da ya faru makon nan. In kun gama ji har yanzu tausayinsa bai sake ku ba, ku turo lambarku, ni da kaina zan haɗa ku da shi.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa, bari in ɗan koma baya. Ni ce babba a gidanmu, a kantin magani nake aiki, shekaruna kuma sun doshi talatin, maganar da Gwaggo, yayar Babanmu, take faɗa da irin muryar da ake sanar da rasuwa. Ita ta jajibo min ɗan ƙawarta, wani dillalin motoci da na laƙa wa suna Ɗan Gayu. Ba shi da muni, wannan ba zan yi masa sharri ba. Dogo ne, gemu kullum a gyare, turarensa yakan riga shi shiga falo ya kuma kwana a kujera bayan ya tafi. Aibinsa guda ne: tunda muka haɗu ban taɓa kai ƙarshen zance a gabansa ba. Da na buɗe baki sai ya yi murmushi ya ce, "Na gane, na gane, Gimbiya," ya ɗora da nasa. Me ya gane? Allah kaɗai ya sani.

Baba kuwa tsohon mai gyaran layukan waya ne, kuma tun kafin a haife ni ciwon rediyo ya kama shi. Ba rediyon jin labarai ba, irin wanda ake magana da shi, ka faɗa a nan wani ya amsa a can, babu kati babu sabis. Lasisinsa na hukuma yana rataye a ɗan ɗakinsa na bayan kicin, inda wayoyi suka fi wurin zama yawa. Shekara da shekaru mutanen unguwa suna yi masa kallon mai ɗan taɓi, har damina ta shekarar waccan da kogin da ya raba garin ya cika ya shanye gada. Wuta ta ɗauke, sabis ya ɗauke, wayar kowa ta koma madubin duba fuska. Da rediyon Baba aka kirawo masu kwalekwale, da shi aka san wa ke raye a tsallake. Masu dariya suka koma masu gaisuwa da rusunawa, wasu suka je suka yi lasisi, aka kafa ƙungiya da ke gaisawa ta iska duk Asabar bayan la'asar. Ni ma na yi nawa, don idon Baba ya fara hazo, ba ya ganin lambobin da ke fuskar na'ura. Amma kada in yi muku ƙarya cewa taimako ne kawai. Ina son abin nan har cikin raina.

A wancan ruwan saura kaɗan ɗakin Baba ya tafi da komai nasa. Shi ya sa bana ya ce kafin damina ta kankama sai mun haɗa akwatin gaggawa: akwati ɗaya da mutum zai ɗora a ka ya hau tudun makaranta da shi, ya buɗe, ya kafa eriya, ya fara magana. Ni ya ɗora wa zaɓen rediyoyin da za su shiga ciki.

Ranar Laraba ina dawowa daga aiki na tarar da takalmin Gwaggo a ƙofar falo. Tana zaune a kujerar Baba, mayafi ya zamo kafaɗa, Umma na gefe tana ninke wankin da ta riga ta ninke.

"Yawwa, ga 'yar gwal ɗin nan," in ji Gwaggo. "Yaron nan ya gaji da zarya. Asabar ɗin nan yake son amsa, uwarsa ta hana ni sakat."

"Gwaggo, ai ban gama..."

"Me za ki gama? Karatu kin gama, aiki kin samu, sa'o'inki na kai yara makaranta, ke kina kan rufi kina ɗaura waya kamar ɗan kwangila."

Baba ya fito daga ɗakinsa yana laluben bango. "Yaya, ni dai ba zan yi mata dole ba."

"Wa ya ce dole? Shawara ce, amma a bi ta."

Baba ya juyo inda yake jin numfashina. "Uwata, gobe ai za ki shagon rediyo. Ki ce yaron ya kai ki. Ku yi cinikin tare."

Ko awa ba a yi ba wayata ta fara tsuwa, alamar Gwaggo ta kai rahoto.

"Gimbiya, na ji an ba ni babban aiki. Ki bar komai a hannuna."

Na rubuta: "Kai ni kawai za ka yi, ni zan zaɓa."

"Na gane. Kuma ki sani, ko bayan aure ba zan raba ki da rediyonki ba. Alkawari ne." Ya jero zukata jajaye sun fi cikin cokali.

Wannan saƙon na daɗe ina kallonsa. Shi ne abu na farko da ya taɓa faɗa da ya shige ni.

Washegari na sa doguwar rigata ruwan toka da mayafi baƙi, ko hoda ban shafa ba, na saka takalmin da nake tsayuwar kanti da shi. Shi kuwa ya iso cikin farin yadi mai sheƙi, agogo kamar murfin gwangwani, baƙin gilashi a goshi. Wai shagon rediyo za mu, wurin da ƙura ta fi kaya yawa.

Shagon wani ɗan lungu ne tsakanin mai walda da mai sayar da batir. Mai shagon ya san ni, ya san Baba, yana ganina ya fara sauko da kwalaye. Na gaya masa abin da nake so. 'Yan oba-oba guda biyu na riƙewa a hannu, masu roba a baki don kada ruwa ya shiga, kuma dole su zama masu karɓar batirin tocila, wanda ko a teburin mai shayi za ka samu, don ranar da wuta ta ɗauke babu mai yi maka caji. Sai matsakaici guda ɗaya wanda batirin babur zai riƙe shi yini guda. Duka kuma su kama mitar da ƙungiyarmu ke magana a kai. Ina ɗaga kowanne ina auna nauyinsa a hannu, don na san kan da zai ɗauki akwatin nan cikin ruwa nawa ne.

Ɗan Gayu ya ɗauki 'yar oba-oba ɗaya da yatsu biyu. "Wannan ai ta masu gadi ce."

"Ita ake so. Ka ga, in ka danna nan kai kaɗai ke magana, ba ka jin kowa. In ka gama sai ka ce oba, ka saki, sannan ɗayan..."

"Na gane, na gane." Ya ajiye ta ya juya ga mai shago. "Maigida, bar wasan yara. Wanne ne babbansu? Wanda in na yi magana kowa sai ya ji?"

Mai shago ya kalle ni, na kalli silin. Ya shiga ciki ya fito yana nishi da wani baƙin rediyo, fuskarsa cike da maɓallai da fitilu. Ya ce wannan in ya yi magana yakan danne duk wani ƙaramin da ke kan layi, ƙarfinsa ya kai haka.

"Shi nake nema," in ji Ɗan Gayu, fuskarsa har wani haske take.

"Wannan ba ya shiga akwati," na ce. "Ya fi buhun siminti wahalar ɗauka, kuma batirin babur ko shayi ba za ka gama sha ba zai..."

"Gimbiya, a gidan surukaina ba a ƙaramin abu."

Mai shago ya ce, "Sai dai akwai wani abu, ranka ya daɗe. Yana da agogo a cikinsa, in mutum ya danne maɓalli magana ta yi tsawo..."

"Na gane. Sa a kwali."

Ni a lokacin raina ya gama ɓaci, ina can ina cusa 'yan oba-obana a jaka, ban tsaya na ji ƙarshen zancen ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Na ɗauka Baba zai yi dariya in ya ga wannan uban kaya. Da aka buɗe kwalin a ɗakinsa, sai ya miƙa hannu ya shafa saman rediyon, ya bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya da yatsa, ya murɗa babban a hankali yana kasa kunne. Can ya ce, "Irin wannan na taɓa gani a hannun wani injiniya ina saurayi. Ban taɓa zaton zan taɓa shi da hannuna ba." Gwaggo ta kalle ni ta taɓe baki, irin kallon kin gani ko.

Kwana biyun nan Baba ko abinci sai an kai masa ɗaki. Ni ke karanta masa lambobi yana murɗawa, muna jin mutanen da ba mu taɓa kamowa ba. Rabon da in ga haƙoransa a waje haka tun kafin idonsa ya lalace. Na kuma san ƙa'idar abin ba sai an gaya min ba: in na ce ba na so, kwalin nan sai ya koma inda ya fito, don Baba ba zai riƙe kayan mutumin da 'yarsa ta ƙi ba. Ranar Juma'a da yamma ina wanke kofuna na ce wa Umma, "Wataƙila fa in amsa." Ta dube ni, ta ce, "To," ta ci gaba da goge murhu. Na ce wa kaina ai ya yi alkawari a rubuce, surutu kuma ba ya kisa.

Asabar ta zo, ranar gwaji kuma ranar amsa. Tsarin Baba shi ne in ɗauki 'yar oba-oba ɗaya in haye gada zuwa gidan Ungozoma, mu ga ko muryarta za ta iso gida daga can. Ungozoma tsohuwar ma'aikaciyar asibiti ce da ta yi ritaya, 'yar ƙungiyarmu, rabin unguwar tsallake a hannunta aka haife su, shi ya sa ba ta jin nauyin kowa. Ina ɗaura igiyar takalmi Ɗan Gayu ya iso, yau cikin ruwan sararin samaniya, da kwalin lemo a hannu. Gwaggo ta riga ta kafa kujera a ƙofar ɗakin Baba da kofin shayinta, wai ta zo ganin gwaji. Gwaggon da ko rimot ba ta yarda ta riƙe ba.

Muka hau saman benen Ungozoma, na zare eriya. Baba ya buɗe layi kamar kullum, ya kira 'yan ƙungiya ɗaya bayan ɗaya, kowa ya amsa ya saki: mai gyaran babur, malamin makaranta, direban motar asibiti, da sauransu. Ya kira lambata na amsa. Sannan ya ce, "Akwai baƙo a wurina, ba shi da lasisi, don haka a ƙarƙashin nawa zai yi magana. Zai tambayi tsallake ko ana jinsa. Bismillah, ɗana."

Abin da aka ce ya faɗa ke nan. Kina ji na, oba. Ko aku zai iya.

"Assalamu alaikum jama'ar iska," in ji Ɗan Gayu, muryarsa ta cika 'yar oba-obar har tana zizza a hannuna. "Da farko ina gode wa Allah da ya nuna mana wannan rana."

Ungozoma ta ce, "Wa'azi za a yi?"

Ya gode wa Baba. Ya gode wa Gwaggo. Ya ba da tarihin yadda ya shiga shago ya tarar ana shirin sayen kayan masu gadi ya ce a'a. Ya ce a gaban wannan jama'a mai albarka yake neman amsar Gimbiya. Na ji kunya ta rufe ni tun daga ka har ƙafa, don na san duk mai rediyo a garin nan yana zaune ya baza kunne. Na jira ya ce oba. Bai ce ba.

"Kuma ina yi wa Baba albishir," ya ci gaba, "daga ranar da ta shiga gidana ta huta. Ba hawa rufi, ba yawo cikin ruwa da akwati a ka kamar mai talla. Zan ɗauko yaro in biya shi ya riƙa karanta wa Baba lambobi. Rediyonta kuwa ba zan raba ta da shi ba, na yi alkawari. Zan sa a yi masa kabad na gilashi a falo, duk baƙon da ya zo ya gani."

Kabad na gilashi. Ashe alkawarin ke nan.

Na danna maɓalli na kira lambar Baba, na saki. Yana nan yana zuba, yanzu ya koma kan girman falon. Na sake dannawa, na saki. Ya shiga zancen labule.

"Bar wahalar da yatsanki," in ji Ungozoma. "Wannan ƙatuwar na'urar tasa ta danne ki. Ko ihu kika yi ba mai jin ki."

To, tunda ba mai ji, sai na danna na riƙe. Na kawo 'yar oba-obar bakina na fara sauke abin da na daɗe ina haɗiyewa.

Na ce, "Kai dai an yi mutum. Tunda na san ka ban taɓa ƙarasa magana ba, yau sai na ƙarasa ko ba ka ji. Na gane, na gane, me ka taɓa ganewa? An ce ka faɗi kalma huɗu ka tsaya kana karanta mana tarihin labule. Ka sayo abin da ba ya shiga akwati don a ce kai ne, ranar da ruwa ya zo sai ka goya shi. Ni za ka sa a kabad, ba rediyo ba. Wallahi da in zauna a falonka ina jin na gane har in tsufa, gara in ƙare a kan rufi ina ɗaura waya. Don Baba kawai na so in amsa, don na ga yana murna. Ba na son ka, ban taɓa son ka ba, Gwaggo kuma in tana so ga ta ga ka."

Na saki maɓalli ina haki, zuciyata wasai.

Shiru. Babu labule, babu falo. Sai 'yar shuuu ɗin da layi ke yi in babu kowa a kai.

Ungozoma ta dube ni, na dube ta. A nan zancen mai shago ya faɗo min, wanda ban tsaya na ji ƙarshensa ba. Agogon da ke cikin babban rediyon, in magana ta yi tsawo, shi ke yanke ta da kansa ya koma saurare. Yaushe ya yanke? Ban sani ba, don ni ma na danne nawa maɓallin, ba na jin kowa. Ni mai koya wa mutane.

Na zauna a kan bulo.

Sai ga muryar Baba, a natse, irin wadda yake aiki da ita ranar ambaliya. A ƙungiyarmu in an turo saƙo, wanda ya karɓa yakan maimaita shi don a tabbatar bai ji ba daidai ba. Na rufe ido ina jiran ya maimaita duk abin da na faɗa a gaban gari.

"Tsallake, muryarki ta iso tar, wannan ƙaramar ta ci gwaji. Na karɓi saƙo kamar haka: ba kya so. Haka ne? Oba."

Ya sauke min duk zagin, ya bar min ƙashin maganar. Kuma ya ba ni ƙofa, ina iya cewa ba haka ba ne, wasa nake, rediyonsa ya zauna. Na tuna yatsunsa a kan maɓallan nan, hawaye ya cika min ido. Ungozoma ta dafa kafaɗata.

Na danna. "Haka ne, Baba. Oba."

"An karɓa," in ji shi. Ya ci gaba da kiran sauran 'yan ƙungiya kamar ba abin da ya faru. Direban motar asibiti da aka zo kansa sai da ya yi tari sau biyu kafin ya iya amsawa.

Ina kan gada saƙon Umma ya shigo, ita da ba ta rubuta abin da ya wuce "ki sayo sabulu".

"Yana cikin zancen labule abin ya yi tit, sai muryarki. Tun daga kai dai an yi mutum muka ji. Bai saki maɓallin ba har kika gama. Ya tafi. Gwaggonki ta zubar da shayi a jikinta. Ki biyo ta ƙofar baya."

Daga Ɗan Gayu kuwa ko zuciya ɗaya ba ta shigo ba. Yau dai na san ya gane.

Na bi ta ƙofar baya na ratsa kicin. Ƙofar ɗakin Baba a buɗe, shi kaɗai ne a ciki, durƙushe a ƙasa. Ya riga ya kwance wayoyin ya naɗe kowacce, ya saka babban rediyon a kwalinsa, yana lalube yana neman inda soson gefe yake shiga. A kan tebur wurin da rediyon ya zauna kwana biyu ya bar alama a ƙura.

"Uwata ce? Zo ki duba min, na sa shi daidai? Ba na so ya koma da ko ƙwarzane."

Na durƙusa kusa da shi na gyara soson. "Baba, ka yi haƙuri."

"Na me? Dama ba ya shiga akwatinmu." Ya shafa saman kwalin sau ɗaya, ya ɗauke hannunsa. "Zagin ne dai ya yi yawa. A layin jama'a kike, gobe za ki ba su haƙuri."

"To, Baba."

Daga falo muryar Gwaggo ta taso, ta kira ni da sunana na yanka cikakke, wanda rabon da in ji shi tun ina firamare. Ta ce ta ji shigowata, in fito in maimaita mata wancan na ƙarshen, na ga ta ga ka.

Na kalli Baba. Ya laluba ya ɗauko salatif, ya ja, ya manne bakin kwalin.

"Je ki," ya ce. "Ki bari ta gama ta saki tukuna, sannan ki danna."